Maɓalli Na Huɗu

A unguwar kowa Baba Halo yake kiransa. Sunan daga wurin aiki ya biyo shi gida: yana zaune ne a wani ɗan ɗaki a ofishin ruwa, waya a gabansa, daga safe zuwa la'asar yana cewa "Halo" yana karɓar ƙorafin mutanen da famfonsu ya ƙafe. Shi ba ya haƙa rami, ba ya ɗaura bututu. Aikinsa a zage shi, ya ce an gode da kira. Yakan ce da zagi na sa ƙiba, da tuni an faɗaɗa masa ƙofar ofis.

Makaho ne tun haihuwa, kuma bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin labari ba. Labarin da yake bai wa duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi shi ne, tun da ya kama aiki ba wanda ya taɓa riƙe masa sanda. Da ƙafarsa yake zuwa, shi kaɗai, kuma bai taɓa makara ba sai ranar da ya ga dama.

Hanyar a kunnensa take. Idan ya fito daga gida, katangar makaranta na hagunsa; duk lokacin da sanda ta bugi ƙasa sai katangar ta mayar masa da ƙarar, kamar mai amsa sallama. Inda ta daina amsawa, nan lungu ya buɗe, nan zai karya dama. Gaba kaɗan injin iskar mai faci, wanda sai ya yi tari kafin ya tashi. Sai esin kantin magani mai ɗigar da ruwa a kan kwano. Sai keken tela. Sai babban titi, inda yakan tsaya ya saurari motoci har su ja numfashi, sannan ya ƙetare.

Da shekaru suka haura hamsin, kunnen ya fara halin tsohon ma'aikaci: ya zo a makare, ya tashi da wuri. Tsuntsaye ne suka fara yin shiru, ya ce ai gine-gine ne suka kore su. Daga nan sai famfon kicin ɗinsu, wanda ya daɗe yana ɗiga yana jawo masa gori, ma'aikacin ruwa guda amma famfon gidansa na zuba. Wata safiya ya saurara bai ji ɗigon ba, ya nufi matarsa da murna. Gwamnati yake kiranta, domin ba a jayayya da ita, kuma ba a sanin abin da ta shirya sai an ji sanarwa.

"Gwamnati, albishirinki. Famfo ya gyara kansa."

Ta ce, "To, madalla."

Da ya san mata kamar yadda yake iƙirarin ya san tituna, da ya ji tsoron wannan madallar.

Auta, 'yarsu da ke jami'a, ita ta ja shi asibitin kunne da ta zo hutu, bayan ta gaji da faɗin kowace magana sau uku. Likitar yarinya ce mai haƙuri, hannunta na ƙamshin maganin goge fata. Ta maƙala masa wasu 'yan na'urori biyu a bayan kunne, kowace da siririn bututu mai kan roba da ke shiga ciki. Nan take ya raɗa musu suna Tagwaye.

"Baba, waɗannan masu wayo ne," in ji likitar. "Da sun ji hayaniya, ko ƙarar inji, ko mota, ko wani abu a bayanka, sai su danne. Muryar wanda ke gabanka kawai za su kawo maka. Yaya kake ji na yanzu?"

Yana jin ta tar, har da ɗan kaɗawar harshenta a bayan haƙora.

"Likita, ashe har yanzu mutane na ƙarasa kalmomi? Ni na ɗauka yayi ne ya zo, kowa ya haɗiye rabi."

Ta yi dariya, ta ce ya dawo bayan wata guda. Ba ta yi sakaci ba. Ta ba shi abin da duk wanda ya zauna a kujerar nan yake roƙo. Shi kuma bai ce mata komai ba game da katanga mai amsa sallama. Wa zai je asibiti da furfurarsa ya ce a gyara masa kunne don ya ji katanga?

A gida Auta ta sa masa manhajar Tagwayen a wayarsa, wadda da ita ake sauya yadda suke ji. Waya ba baƙuwarsa ba ce. Akwai wata murya a cikinta da ke karanta masa duk abin da yatsansa ya taɓa, idan ya ƙwanƙwasa gilashin sau biyu ta danna masa. Sakatariya yake ce mata, kuma da ita yake karanta saƙo da labarai ba tare da ya roƙi kowa ba. Yanzu ma muryarta ta koma fitowa daga cikin Tagwayen, a tsakiyar kansa. Ya ɗora yatsa a kan manhajar.

"Maɓalli," in ji Sakatariya.

Ya matsa gaba.

"Maɓalli."

Ya sake matsawa, ya kuma sake.

"Maɓalli. Maɓalli."

"Auta, wannan baiwar Allah lafiya take kuwa?"

"Baba, hotuna ne. Ba su rubuta musu suna ba, shi ya sa ba ta da abin karantawa. Na farkon kan mutum ne, na biyun cokali da wuƙa, na ukun..."

"Bari, bari. Kunne na je nema, ba gidan hoto ba. Likita ta ce masu wayo ne. Su yi wayonsu."

Washegari Auta ta koma makaranta. Ranar Litinin ya fito aiki da Tagwayensa, yana taku irin na wanda aka yi wa ƙarin girma.

Ya buga sanda. Katanga ba ta amsa ba.

Ya sake bugawa da ƙarfi. Ƙarar ta fito a dakushe, ta mutu a nan gindin ƙafarsa. Can gaba ya ji injin mai faci ya yi tari, ransa ya yi sanyi, amma kafin ya daidaita fuskarsa wajen, Tagwaye suka gane hayaniya ce suka shaƙe ta. Injin ya yi nisa, ya yi nisa, ya ɓace kamar an rufe shi da bargo. Mota ta wuce, ya ji iskarta a rigarsa kafin ya ji ƙararta. Wasu mata biyu da ke tahowa ta gabansa kuwa, ya ji hirarsu kaf, har sunan wanda suke gulma. Da suka gifta shi sai suka yanke kamar an kashe rediyo.

Titin da ya sani kamar aljihunsa ya zama ɗaki marar bango. Ya ci gaba da tafiya bisa ƙiyasi, ya wuce lungunsa bai sani ba, ya karya a wani da bai taɓa shiga ba, har sandarsa ta bugi ƙarfe ta ko'ina. Ya tsinci kansa a tsakiyar motocin da aka jera a wurin wanki, ruwan sabulu na shiga takalminsa. Ya tsaya cak, yana gyara hula kamar mai jiran wani.

"Baba Halo! Yau kuma wanki za a yi maka?"

Mai faci ne, yana haki.

"Na zo duba yadda suke ɓarnar ruwanmu ne. Kai me ya kawo ka?"

"Wata mata ce ta ce in zo in ga, wai kamar ka yi kuskuren kwana."

"Allah ya saka mata. Duniya ba ta rasa masu sa ido."

Mai faci ya kama gwiwar hannunsa ya fito da shi. Wannan riƙon ya fi ruwan sabulun ciwo.

A ofis kam Tagwaye sun yi rawar gani. Bai taɓa jin zagi da tsabta irin ta ranar ba. Wata tsohuwa ta haɗa da kakanninsa, bai rasa ko harafi ɗaya ba. Amma da ya dawo gida, tun kafin ya jingine sanda, Gwamnati ta ce:

"An ce yau ka je wankin mota."

"Wannan unguwa! Mutum ba zai yi atishawa ba sai an kawo rahoto?"

Sauran kwanakin makon ya yi su ne yana bin gefen kwata da kan sanda, a hankali kamar mai neman allura. Ya gwada fita ba Tagwaye, ya tarar abin da ya rage masa na kunne bai kai ya ji katanga ba, bai kai ya amince wa babban titi ba. Da su duniya ta zama bakin mutane kawai, ba su kuma ta zama gunaguni. Sau biyu yana makara, ba don ya ga dama ba.

Ranar Juma'a da yamma aka yi sanarwa.

"Na yi magana da ƙanena," in ji Gwamnati. "Daga Litinin zai riƙa zuwa da tasinsa ya ɗauke ka, ya dawo da kai."

"A ɗauke ni a ajiye ni. Kamar buhu."

"Buhu ba ya musu, Baban Auta."

Bai yi dariya ba, ita ma ba ta so ya yi ba. Ya san abin da tasin ke nufi. Yau ƙofa zuwa ƙofa, gobe a ce bari a raka ka masallaci, jibi a ce zauna a kawo maka. Ya ga yadda aka yi wa wasu abokansa, da ƙauna tsantsa aka zaunar da su har ƙafafunsu suka manta hanya.

"Ba ni Litinin ɗin," ya ce a hankali. "Ita kaɗai. Idan na kauce ko da taku ɗaya ne, ki sa ni a but ɗin motar da hannunki."

"Na ba ka."

"To ta yaya za ki san na kauce? Mai faci za ki ɗauka aiki?"

"Zan sani," in ji ta, ta tashi ta shiga kicin.

Ranar Asabar da hantsi, da ta tafi kasuwa, ya kira lambar masu manhajar. Wani saurayi ya ɗauka da murya mai santsi.

"Yallaɓai, abu ne mai sauƙi. Ka duba hoton da ke sama ta hannun dama..."

"Ɗana, na ce maka makaho ne ni."

"Ayya, sannu. To ka duba na ƙasansa."

Baba Halo ya yi masa bayani tiryan-tiryan: maɓalli huɗu ne, ba ko ɗaya mai suna, abin da ake bukata kawai wani ya zauna ya rubuta wa kowanne kalma ɗaya. Saurayin ya saurara, sannan ya ce sun gode da kira, za a miƙa ƙorafinsa ga sashen da abin ya shafa. Baba Halo ya san wannan jimlar. Da bakinsa ya faɗe ta ga rabin garin. Bai taɓa sanin haka take da sanyi ba idan ta bugi kunne daga ɗaya ɓangaren.

Kiran Auta bai taso ba. Auta ma'aikatar yaɗa labaran Gwamnati ce. Kafin ya ajiye waya an san ya gaza.

Sai ya ɗauki kujera ya kai ƙofar kicin. Ya laluba bakin famfon, ya ji danshi, ɗigo ya sauka a yatsansa. Bai gyara kansa ba, ashe. Ya sa kofin ƙarfe a ƙarƙashi, ya zauna ya juya wa famfon baya. Dabararsa ke nan: ƙaramin sauti, a bayansa, wanda ba magana ba. Duk maɓallin da ya kawo masa shi, shi ne nasa.

Na farkon shi ne wanda yake kai tun asibiti. Ya zauna ya saurara. Ba komai. Sakatariya na da wata baiwa da ya daɗe da sani: idan abu ba shi da suna, tana yarda ka raɗa masa. Ya raɗa wa wannan Ofis.

Ya danna na biyu, ya kife wayar a cinya, ya jira. Ɗakin ya ƙara tsukewa, kamar an sa kansa cikin tulu. Ko firij ɗin da yake ɗan ji a da ya ɓace. Wannan na wanda ke son jin mutum ɗaya tak ne a cikin taro. Ya sa masa suna Taron Dangi.

Ya danna na uku.

Komai ya ɗauke. Ba wai raguwa ba, ɗaukewa. Tagwayen suka mutu a kunnensa suka zama toshe biyu na roba. Ya shafa gilashin wayar, Sakatariya ba ta ce uffan ba, domin ita ma ta cikinsu take magana. Ya sake shafawa. Shiru. Sai bugun zuciyarsa da wani siririn kuka a can cikin kai.

Bai taɓa sanin duhu ba, domin bai san haske da zai gwada shi da shi ba. Ranar ya san shi. Ba bango, ba ƙofa, ba nisa, ba kusa. Kujerar da ke ƙarƙashinsa ce kaɗai shaidar cewa akwai duniya. Zufa ta keto masa. Ya ji yatsansa na son yin tsalle a kan gilashin, ya danna duk abin da ya samu, ya kuma san idan ya yi haka zai iya faɗawa wani shafin da ba mai fito da shi sai Gwamnati ta dawo ta same shi zaune a ƙofar kicin kamar kayan wanki.

Ya tsaya ya yi lissafi. Sau biyu ya shafa gilashin bayan ya danna. Watakila ya gusa daga maɓallin, watakila bai gusa ba. Ya mayar da yatsa daidai inda yake zaton ya fara ɗora shi, ya yi bisimilla, ya ƙwanƙwasa sau biyu.

"Maɓalli," in ji Sakatariya, ko a jikinta.

Bai taɓa jin kalma mai daɗin wannan ba. Ya raɗa wa na ukun Kabari.

Ya daɗe kafin ya taɓa na huɗu. Mutumin da maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Daga baya ya ce a ransa, ai ya riga ya ga kabari ya dawo. Ya danna, ya kife wayar.

Ɗis.

Ya ƙi motsi.

Ɗis.

Daga bayansa, ta hagu, ƙasa-ƙasa, ruwa na faɗawa cikin kofin ƙarfe. Kuma ba ɗigon kaɗai ba: bayan kowane ɗis akwai ɗan wutsiyar sauti da ke bugun tayil ɗin bango ya dawo, yana faɗa masa faɗin kicin ɗin da tsawonsa. Sai firij ya dawo da gurnaninsa. Sai labulen taga yana shafar ƙarfe. Agogon bangon falo, wanda ya ɗauka batirinsa ya mutu tun tuni, ashe yana nan yana aikinsa ba wanda ya gode masa. A kan rufi wasu 'yan ƙafafu na taku, tattabaru. Can waje wani na share ƙofar gida, can gaba yaro na buga ƙwallo a bango, can gaba da shi, nesa sosai, babban titi na numfashi. Kowane sauti na zaune a wurinsa, na kusa a kusa, na nesa a nesa, sama da ƙasa, gaba da baya, duniya shimfiɗe hawa-hawa har inda kunne ya ƙare.

Ya ɗauki sanda ya bugi ƙasa sau ɗaya. Bangon falo ya amsa.

"Wa alaikumus salam," ya ce, hawaye na zubo masa. Ya gode Allah da ba kowa a gidan, domin mutum mai furfura yana hawaye a gaban famfo ba abin da za a bai wa Gwamnati ba ne ta riƙe.

Ya raɗa wa na huɗun suna Famfo. Bai faɗa wa kowa ba.

Ranar Litinin ya tsaya a bakin ƙofa, ya shafa waya. "Famfo, maɓalli," in ji Sakatariya. Ya danna, ya fita.

Katangar makaranta ta amsa tun bugun farko, kuma ta amsa da abin da ya manta tana da shi: inda aka yi mata faci da bulo muryarta ta fi kauri, inda ƙofar ƙarfe take tana da ɗan zaƙi. Tsuntsayen da gine-gine suka kora suna nan cike da bishiyar makarantar, suna ta shari'arsu. Wayar lantarki na zuzu a sama. Wata mata na tankaɗe a bayan wata taga. Ya ji lungun tun kafin ya iso shi, sautin ya buɗe ta dama kamar an ɗaga labule. Ya karya. Injin mai faci ya yi tari, ya tashi, ya tsaya a tashe, ba wanda ya shaƙe shi. Ya rage sauri, ba don ya ɓata ba, sai don bai san wanne zai fara saurara ba. Shekara nawa yana bi ta nan yana ɗauka titin ne ya tsufa ya yi shiru, ashe shi ne ake ta yi wa biki bai ji gayyata ba.

A wajen kantin magani ne, tsakanin ɗigon esi da keken tela, ya lura da wani sauti da ba ya cikin taswirarsa.

Taku ne, a bayansa, da 'yar tazara. Silifas. Ƙafar dama na sauka shiru, ta hagu na da ɗan ƙas, irin na takalmin da aka kafa wa ƙusa a dunduniya. Ya san wannan ƙusar. Shi ya kai takalmin wurin mai gyara.

Ya tsaya kamar zai gyara hula. Takun ya tsaya. Ya ci gaba. Ya ci gaba. Akwai kuma wani ɗan sauti a shaƙe, awarwaro ne da aka damƙe da ɗaya hannun don kada su yi ƙara. Wanda ya koyi riƙe awarwaro haka ba yau ya fara ba.

Wata mata ce ta ce in zo in ga. Zan sani.

Ƙafafunsa suka ci gaba da aikinsu, amma kansa ya koma baya yana tattara abubuwa. Baron yashin da aka bari a hanya wata rana, da ya ji ana ja gefe daidai zai iso. Direban da ya taka birki da wuri a babban titi kamar wani ya ɗaga masa hannu. Duk labarin da yake bai wa mutane na shi kaɗai, shi kaɗai, ashe akwai mai sauraro a baya tana riƙe da awarwaro.

Ya iso babban titi. Ya tsaya a bakin kwalta, ya ji takun ya matso kusa fiye da ɗazu, ya ji numfashinta ma. Bai juya ba. Ya buɗe kunne ga titin. Babbar mota daga hagu, tana nishi. Babura biyu. Ƙaramar mota daga dama mai sakakken salansa. Sai wata can nesa, wadda ba za ta iso ba sai ya kai tsakiya ya wuce. Titin ya ja numfashi. Ya sa ƙafa, ya ƙetare, sanda na share gabansa, bai yi sauri ba bai yi sanyi ba, har ta bugi dakalin ɗaya gefen.

Sannan ya juyo, ya jira ƙas ɗin ya hau dakali.

"Baiwar Allah," ya ce, "wannan ƙusar ta dunduniyar hagu tana son a sake buga ta."

Sai awarwaro suka zube a hannu gaba ɗaya, kamar an sake su daga kurkuku.

"Tun ina ka ji ni?" in ji Gwamnati.

"Tun bakin ƙofa."

"Ƙarya kake, Baban Auta."

"To, tun kantin magani. Ke fa, tun yaushe?"

"Tun ranar da famfo ya gyara kansa."

Mutumin da sana'arsa amsa magana ce, ya rasa ko "an gode da kira". Kowace safiya, da rana da ruwan sama, ta bar aikinta ta biyo shi har nan, ta koma, ta kuma zauna da yamma tana jin yana cika baki.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In faɗa maka ka daina fita? Ai gara ka yi ta alfaharinka, ni in yi ta motsa jiki. Likita ma ta ce tafiya na da kyau ga gwiwa." Muryarta ta ɗan yi rawa, ta gyara ta da tsaki. "Yau ban ɗaga wa kowa hannu ba. Na fara ɗagawa, sai na ga ka riga ni, na sauke."

"To hukunci fa? But ɗin mota ko ƙafa?"

"Wuce ka tafi aiki, kana tare wa mutane hanya."

Da yamma ya kira Auta ya ba ta labarin maɓallan, ya rage na Kabari kaɗan don mutunci. Ta ce ya tura mata hoton shafin. Da ta gani sai ta fashe da dariya.

"Baba, na huɗun ai alamar waƙa ce. Na masu sauraron kiɗa ne. Shi ya sa ba ya danne komai, kome ya zo sai ya bar shi ya shigo."

Ya juya maganar a ransa.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe duk shekarun nan kiɗa nake bi zuwa ofis."

Washegari Gwamnati ta rako shi bakin ƙofa, ta ce tunda yanzu yana jin famfon da kunnensa, sai ya kira mai gyara. Ya ce ina, wannan famfon ma'aikaci ne, ba a korar ma'aikaci yana kan aiki. Ta ce Allah ya shirye shi.

Ya bi katanga tana amsa masa. Bai ji ƙarar rufe ƙofa ba, ya san tana tsaye. Sai da ya kai bakin lungu, sautin ya buɗe ta dama, sannan ya ji can baya ƙofar ƙarfe ta rufu, sakata ta shiga. Ya tsaya ya saurari bayansa. Tsuntsaye, tsintsiya, wayar lantarki, wani na tari a kan babur. Ba ƙas.

Bai taɓa sanin bayan mutum na da faɗi haka ba. Ya gyara hula, ya buga sanda, ya karya dama.